Rariyar da Ta Tsage a Kan Mai Hanci

Litinin, 6 ga Oktoba

Maman yara ce ta kawo min wannan littafin da biro, wai in rage mata surutu. Ta ce tun da aka hana hannuna aiki bakina ya karɓa. To, na karɓi littafin. A gwiwa na jingina shi nake rubutu, don ko sunkuyar da kai a kan takarda an hana ni.

Bari in faro daga farko. Makon jiya na faɗo daga tsani a kicin ɗin wani otal, ina ɗaure bututun gas a bango. Goshi na buga a bakin teburin ƙarfe. Na tashi na kakkaɓe riga na ƙarasa aikina, har da yi wa ƙanina faɗa da ya ce mu je asibiti. Washegari ruwa ya fara ɗiga daga hancina, ƙofar hagu kaɗai, garai-garai kamar na famfo. Na ce mura ce. Na sha maganin mura, na yi ta fyacewa.

Maman yara ce ta gano, wajen wanki. Ta ce, "Malam, hankicinka ba ya ƙandarewa. Majina in ta bushe tauri take yi, wannan kuwa laushi kamar ba a taɓa shi ba." Na ce ta cika bin diddigi. Ta ɗauki mayafinta ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta motsa ba sai da na sa takalmi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Abin da likita ya nuna min ya ƙi fita daga raina.

Akwai ƙoƙon kan mutum na roba a teburinsa. Bayan an yi min hoton kai, sai ya jawo shi ya cire samansa kamar murfin tukunya, ya ce in leƙa. Ciki ba sumul yake ba yadda na zata. Hawa-hawa ne, da ramuka da ƙofofi inda jijiyoyi ke bi. Ya sa bakin biro can gaba, daidai tsakanin idanu, a kan wani ɗan ƙashi siriri mai ƙananan huji. Ya ce ko sunan da likitoci ke kiran shi, ma'anarsa rariya ce. Ƙasansa rufin hanci, samansa ƙwaƙwalwa. Ke nan abin da ya raba hancina da ƙwaƙwalwata da ƙyar ya fi farce kauri, ni kuma ina yawo da shi a kan tsani shekara da shekaru ban sani ba.

Wai ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune, an naɗe ta da tantani. Nawa ƙashin ya tsage, tantanin ya yage, shi ne ruwan ke bi ta hanci. Na ce, "Likita, yoyo kake nufi?" Ya ce yoyo ne sosai. Maman yara ta gaya masa sana'ata, ya yi dariya, ita ma ta yi. Ni ban ga abin dariya ba. Mai toshe wa jama'a yoyo, ga shi kansa ke yoyo.

Dokoki: kar in sunkuya, kar in fyace hanci, kar in ɗauki kaya, kar in yi yunƙuri ko a banɗaki. In kwanta kai a sama. Ya ce ƙofar da ruwa ke fita, ta nan cuta ke shiga, in ta shiga kuwa sanƙarau ne. Zazzaɓi ko wuya ya sage, a kawo ni nan take. In ya toshe da kansa, madalla. In ya ƙi, za su bi ta hancin su yi faci.

Sai ya ce ta hujin rariyar nan jijiyoyin jin ƙamshi ke bi, sirara kamar gashi. Ya tambaye ni, "Kana jin ƙamshi da wari?" Maman yara na zaune kusa da ni. Na ce, "Ƙwarai."

Ba na ji. Tun ranar da na faɗo ban ji ƙamshin komai ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Atishawa ma wai sai da baki a wangale. Mutum da girmansa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Matashi uku a bayana, kamar sabuwar mai jego. Na san kowace tsaga ta silin ɗin ɗakin nan. Fanka na da wani ɗan karkace da ban taɓa lura da shi ba, yanzu kuwa ba na iya daina kallonsa, kuma ba damar in hau in gyara.

Ɗazu biro ya faɗi ƙasa. Ga shi nan dab da ƙafata. Na gwada da yatsun ƙafa, ya gangara ƙarƙashin gado. Haka na zauna ina kallon bango har ta dawo daga kasuwa. Da ta miƙo min na ce ai ba na ma buƙatarsa.

Salla a kan kujera nake yi, da ishara. Goshina yana kewar ƙasa, ban san goshi na iya kewa ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Kumfa ya zo da ayaba. Ƙanina ke nan, tare muke shagon. Ni na laƙaba masa sunan, saboda duk inda za shi da ɗan bokitinsa na ruwan sabulu da soso, yana shafa wa kowace mahaɗar bututu yana jiran kumfa ta taso inda gas ke yoyo. Aikin mai wanke-wanke. Ni kuwa in na shiga kicin na ja numfashi, na durƙusa na bi tiyo da hanci, kafin ya gama kaɗa sabulunsa na nuna wurin. Shi ya sa babu mai kirana da sunana. Mai Hanci. Har a jikin allon shagon haka aka rubuta, da haruffa manya-manya.

Mutane ba su san gas ba shi da wari ba. Zuba masa warin ake yi da gangan, don masu hanci su tsira. Kuma ƙasa yake kwanciya, ba ya tashi sama. Mai son jin sa da wuri sai ya sunkuya.

Ya ce, "Yaya, kowa tambayarka yake. Wata ma ta ce ita ba ta yarda da aikin sabulu ba, za ta jira ka." Yana faɗa yana dariya, shi ba ya riƙe abu. Na ce ta kyauta, ta san aiki.

Talata, 14 ga Oktoba

Ta je gidan babbar 'yarmu, na samu gida ni kaɗai. Na bi kayan kicin ɗaya bayan ɗaya, a tsaye ƙyam, ina ɗaga su zuwa hanci. Albasa: hawaye ya zo, wari bai zo ba. Tafarnuwa, ba komai. Man shafawarta, ba komai. Har takalmina na aiki na ɗago da sandar tsintsiya, wanda take cewa ko kare ba zai kwana kusa da shi ba. Iska ce kawai ke shiga tana fita.

Abinci ma ya zama hukunci. Ina jin gishiri, ina jin zaƙi, ina jin zafin barkono, sauran duk kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ina cinyewa tas ina cewa ya yi daɗi.

Tsoro nake ji. Gara in rubuta shi a nan tunda ba mai gani.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ɗigon ya ragu, da safe kawai. Ta taga ina jin masu babur, ina jin mai gyaran taya na bugun ƙarfe. Kowa na da inda za shi.

Litinin, 20 ga Oktoba

Asibiti. Likita ya ce raguwar ɗigon alama mai kyau ce, in ci gaba da bin doka. Na sake kallon ƙoƙon robar nan. Yau ya nuna min kogunan da ke cikin goshi da kumatu da bayan hanci, duk fanko, iska ce a ciki. Da wani ƙashi a tsakiyar kai mai fukafukai kamar jemage. Na ce wanda ya haɗa wannan bai bar wa makaniki wurin sa hannu ba. Ya ce shi ya sa suke bi ta hanci.

Da Maman yara ta fita karɓo magani sai na rage murya. Na ce, a misali, in mutum ya daina jin wari fa? Ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce, "Tun yaushe?" Ban ma samu damar ci gaba da misalin ba.

Wai lokacin da kai ya bugu, ƙwaƙwalwa kan motsa a cikin ruwanta, sai siraran jijiyoyin nan su tsinke a bakin hujin rariyar, ko su kumbura. In kumburi ne, su kan farfaɗo. In tsinkewa ce, wani ya dawo kaɗan, wani shi ke nan. Sai an ga watanni. Ya ce in riƙa shinshinar ɓawon lemo da kanumfari safe da yamma, ko za su tuna hanya.

Sai ya ce, "Kai da ke aikin gas, dole mutanenka su sani. Wannan ba maganarka kai kaɗai ba ce." Na ce to. Irin to ɗin da nake ce wa mai neman ragi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Kumfa ya bugo waya. Mai gidan burodin nan da muka ja wa sabon layin gas ya ƙi kunna tanda, ya ce sai Mai Hanci ya zo da kansa ya shinshina. Na ce a ce masa na kusa.

In na faɗa, allon shagon ya zama ƙarya. In ban faɗa ba, wata rana zan tsaya a kicin ɗin mutane in ce lafiya lau, a ƙyasta ashana a bayana. Duk inda na juya bango ne. Ɓawon lemo na ƙarƙashin matashi, ina ɓoyon sa kamar kayan sata.

Litinin, 27 ga Oktoba

Abin da ya faru yau dole in rubuta shi.

Da hantsi Maman yara ta je kai wa 'yarmu saƙo. Sai ga maƙwabciyarmu mai ɗinki, Maman 'Yan Biyu, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na san ba ka da lafiya. Tun jiya nake jin kamar wari-wari a kicin, in na sake shinshinawa kuma sai in ji babu. Zo ka ɗan ja min numfashi ɗaya kawai, hankalina ya kwanta."

Da na ce mata ba ni da lafiya, ta kira Kumfa, da magana ta ƙare. Amma yadda ta dube ni, kamar yadda kowa ke dubana tun ina saurayi. Na sa takalmi na bi ta.

Kicin ɗinta ƙarami ne, taga a rufe, tukunyar gas a lungu bayan buhun shinkafa. Na tsaya a tsakiya ƙyam kamar soja. Ba na iya sunkuyawa, ko na sunkuya ma me zan ji? Na ja numfashi, na juya kai hagu da dama yadda na saba, har da ɗan lumshe ido. Sai na ji bakina ya ce, "Ba komai."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. In kai ka ce babu, babu." Ta bi ni da godiya har ƙofa.

Na dawo na hau matasaina. Ta bango ina jin keken ɗinkinta, ya yi gudu ya tsaya, ya yi gudu ya tsaya. Na san tsarin gidan nan kamar nawa: in 'yan biyun sun kusa tasowa daga makaranta take ajiye ɗinki ta ɗora musu abinci. Na ce a raina mai yiwuwa albasa ce ta ruɓe mata. Na ce ai mata sun cika tsoron gas. Na ce ƙila ma ba komai ɗin ne da gaske. Duk lokacin da keken ya tsaya sai numfashina ya tsaya. Gumi ya jiƙa min riga, ƙafafuna kuwa sun ƙi sauka daga gado, don in na koma me zan ce mata?

A haka Maman yara ta shigo. Ta dube ni ta ce, "Zazzaɓi ne? Wuyanka fa?" Ta kai hannu goshina.

Na ce, "Ba na jin wari. Tun da na faɗo. Kuma na je na ce wa Maman 'Yan Biyu kicin ɗinta lafiya."

Ba ta ko ajiye jaka ba. Ta ce, "Maganar warin na riga na sani. Tashi." Ta shiga kicin ta tsiyaya sabulun wanke-wanke a kofi, ta zuba ruwa, ta ɗauki soso. Muka fita.

Keken ya riga ya tsaya. Mun same ta da tukunyar girki a hannu, ashana na kan tebur. Na ce ta ajiye, kar ta taɓa makunnin fitila, ta buɗe taga da ƙofa. Maman yara ta durƙusa a lungun nan, ita da ke kukan gwiwa kullum. Ni ina tsaye a kanta ina ba da umarni: shafa a wuyan tukunyar gas ɗin. Babu. Shafa inda tiyo ya shiga murhu. Babu. Na ce ta ja buhun, ta bi tiyon ta baya, inda ya lanƙwasa a jikin bango. Ta shafa. Sai ga kumfa ta fara kumbura a hankali, ta yi girman ƙwai ta fashe, wata ta taso a bayanta. Tiyon ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kai wa.

Na sa ta rufe kan tukunyar. Na buga wa Kumfa waya ya zo da sabon tiyo.

Maman 'Yan Biyu ta dafe ƙirji tana salati. Sai ta ce, "Wannan hanci naka, Baba! Wato har daga gida ya ci gaba da yi maka aiki?" Maman yara na matse soso, ba ta ɗago ba. Ta bar min hanya a buɗe, in na ga dama in bi.

Na ce, "Hancin ya mutu, 'yata. Ɗazu ban ji komai ba, kuma bai kamata in ce miki babu ba. Ki yafe ni." Ta kafe ni da ido. Sai ga 'yan biyun sun shigo da gudu suna cewa yunwa suke ji.

Talata, 28 ga Oktoba

Na tambaye ta yaushe ta sani. Ta ce ranar da madara ta ƙone mata ƙurmus ina zaune a falo ban ce komai ba, ni da nake jiyo ƙauri tun daga bakin titi in shigo da faɗa. Wai don ta tabbatar, sai ta koma shafa turaren nan da na hana ta tun muna amare, wanda nake cewa yana sa ni ciwon kai. Kullum da shi take kwana kusa da ni. Ta ce, "Ko ba komai na more."

Na ce me ya hana ta magana? Ta ce, "Jira nake ka gaji da ɗaukarsa kai kaɗai. Ban san za ka kai shi gidan mutane ba." Wannan ta shige ni.

Kumfa kuwa da na gaya masa, sai ya zauna a bakin gado ya yi ta murza hularsa. Na zata zai rama tsokanar shekaru. Cewa ya yi, "Yaya, ka sha wahala." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Maman 'Yan Biyu na gaishe ni, amma ba kamar da ba. Ba laifinta.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Hanci ya bushe. Likita ya sa na sunkuya a gabansa na ɗan jima, ko ɗigo. Ya ce yoyon ya toshe da kansa, in koma harka a hankali, ban da tsani, ban da kaya mai nauyi. Na yi sujada da azahar, na daɗe ban ɗago ba.

Ɓawon lemo har yanzu shiru. Ya koma kan tebur, na daina ɓoye shi.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na je shago. Kumfa ya ajiye min kujera a bakin ƙofa kamar baƙo. Allon na nan yadda yake. Ya ce ko a sake rubutu? Na ce a bari tukuna, fenti ba gudu zai yi ba.

Muka je gidan burodin. Mai gidan ya taho da murna, ga Mai Hanci, ga Mai Hanci. Na gaya masa yadda ake ciki a gaban ma'aikatansa. Ya ɗan yi turus, ya ce to yanzu wa zai duba masa? Na ce ni.

Matsalar Kumfa, bai iya haɗa ruwan sabulu ba. Duk shekarun nan. Ruwa yake cikawa, kumfar ta tsinke kafin ta nuna komai, ga soson nasa ya yi laushi kamar tsumma. Ni na haɗa nawa daga gida, mai kauri, a 'yar kwalba mai matsi, da ƙaramin buroshi don lungu. Ba wai na koma aikin wanke-wanke ba ne. Kawai dai ba na son ganin ana abu ba daidai ba. Na bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, shi yana riƙe min tocila. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya haska inda nake nunawa. Aka kunna tanda.

Kwalbar na aljihun gaba, inda hankici yake zama. Maman yara ce ta zaɓo sabulun. Ta ce ƙamshin lemo yake yi. Na ɗauki maganarta.